Gudummawar Rauta a Ƙofar Ɗakin Mma

Ƙanina ya bar unguwarmu Maamobi bai yi wa mahaifiyarmu sallama ba. Cewa ya yi zai je Kumasi sayen kayan babur. Sai muka ji muryarsa daga Agadas, daga nan Libiya, daga nan shiru mai tsawo har muka fara tunanin sadaka, sannan wata rana ya kira ya ce yana Italiya yana tsinkar tumatir. Mma ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ɗaure fuska ta ce wanda ya fita ta bayan gida ba ya buƙatar albarkar ƙofa. Shekaru suka shuɗe, duk sanda ya kira na miƙa mata waya sai ta ce alwala za ta yi.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya tana dama koko ludayi ya faɗi daga hannunta, kafin mu kai ta asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Bakinta ya karkace gefe guda, ko murmushi take yi sai ka ce fushi ne. Da za mu dawo gida likita ya ja ni gefe ya ce mu kula da ita, mu yawaita addu'a, in akwai wanda take son gani a kira shi. Ni ba yarinya ba ce, na gane abin da yake nufi. Da na ambaci ƙanina a gabanta, sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna wayata, ta sake nunawa.

Zuwa dai ba zai iya ba, ba shi da takardu, in ya fito ya fito ke nan. Kiran murya ba shi da amfani tunda ba ta magana. Dole sai na bidiyo, ya nemi gafara da bakinsa, ya ga amsa da idonsa. Kuma ranar Lahadi kawai yake samun hutu, bayan la'asar ɗinmu. Na gwada ɗaukar ta a bidiyo in tura masa, ta juya fuska bango, ita ba za ta yi wa wayar da babu kowa a ciki alama ba. Na ce a fito da ita tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ta riƙe ƙarfen gado da hannun hagu har na ji tsoro. Macen da ta yi shekaru tana raba faɗa a gidan nan ba za ta yarda a kinkimo ta gaban 'yan haya da baki a karkace ba.

Gidanmu gidan haya ne irin na unguwarmu, ɗaki na jingine da ɗaki, kwano na kan kwano, lungun shigowa kuwa sai mutum ya karkata in yana ɗauke da bokiti. Ɗakin Mma shi ne na can ƙurya, ciki da falo, tagar cikin tana kallon bangon maƙwabta. Sabis ba ya shiga wurin ko da roƙo. Don haka na ajiye keken ɗinkina rana guda, na hau trotro, motar hayarmu, na je na sayo rauta, wannan ɗan akwatin da ake sa masa sim yana watsa waifai. Mai shagon ya ce in ajiye shi inda iska take, shi zai kamo daga waje ya tura ciki. Na buga katako a bango a baranda, daidai ƙofar falon Mma, na ɗora shi. Da daddare na zauna bakin gadonta na kalli wa'azi tun daga bismilla har fatiha bai tsaya ba. Na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare.

Ashe ko farawa ba ta yi ba. Lahadi ta zo, na yi wa Mma wanka, na ɗaura mata ɗankwali mai kyau, na jingina ta da matashi. Waya ta yi ƙara, ga fuskar ƙanina, ya rame, ya tara gemu. Ya ce, "Mma, ina wuni," idonta ya kawo ruwa. Ya ce, "Mma, ni ne, ina so in ce miki..." sai hoton ya daskare, bakinsa a buɗe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinsa. Kira ya yanke. Ya sake kira, ya sake yankewa a daidai wurin. Da na fita bakin titi na kira shi da murya, abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaya, ita ta ce ki kashe ko?"

"Wa ya kashe? Netwok ne!"

"Na ga fuskarta, Yaya. Ta tsaya tana harara ta, ba ta ko motsi."

Na yi masa bayani hoto ne ya tsaya, bakin kuma ciwo ne ya karkata shi. Ya ce to. Irin to ɗin da na san bai yarda ba.

A gidan haya ba a ɓoye komai. Kafin magariba kowa ya ji cewa yaron Mma ya kira daga Turai netwok ya hana. Mu kuma a zango, unguwar Hausawa, haka muka tashi: in abu ya sami mutum, kowa ya kawo abin da yake da shi. Mai suna a kai mata tukunya, mai rasuwa a kai masa benci da tabarma. To, a wannan karon abin da kowa yake da shi rauta ne. Hajiyar ɗakin farko, mai sayar da atamfa a kasuwar Nima, ita ta fara. Ta shigo da nata naɗe a cikin gyale, ta ɗora kusa da nawa, ta ce, "'Yar nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga nawa, ya taya naki." Direban trotro da ke ɗakin tsakiya ya kawo nasa mai ƙahoni. Matar mahauci ta kawo wanda mijinta yake kallon ƙwallo da shi. Har Maame, tsohuwar Ashanti mai soya kifi da ke zaune tare da mu tun kafin a haife ni, ta karɓo na jikarta ta kawo, ta ce ita ba ta san aikinsa ba amma an ce yana taimako. Kowa ya karɓi wayata ya sa mini lambar sirrinsa da hannunsa.

Wallahi na ji daɗi har na yi ƙwalla. Katako ya cika, aka ƙara wani, aka jawo soket daga ɗakin direba. Da dare barandar sai ƙyalli take, kore da shuɗi suna ta ƙifta ido. Matar mahauci ta ce ƙura za ta lalata kayan mutane, ta kife musu babban faranti na silba a sama kamar rumfa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tsaya ya kalla ya ce ma sha Allah, yanzu kam ko Makka za a kira. Ni ma haka na ɗauka, domin a hankalina fitila biyu sun fi ɗaya haske.

Lahadi ta biyu ko gaisuwa ba mu gama ba. Hoton ƙanina ya farfashe gida-gida, muryarsa ta koma kamar ta mai magana a cikin randa. Na duba wayata, sai na ga ta bar rautana ta koma ta Hajiya, kafin in ce wani abu ta tsallaka ta direba. Na fito da gudu na tsaya gaban katako, sandunan waifai a cike fal, na koma ɗaki, a cike fal, amma kira ba ya tafiya. To mene ne amfanin cikar? Mma tana bin fuskata da ido, ni kuma ina juya waya sama da ƙasa kamar mai neman alƙibla.

Daga nan kowa ya zama likita. Direba ya ce lasifikar masallacin lungu ce take cinye iska. Hajiya ta ce ai tun da aka kafa dogon beni a bakin titi komai ya lalace, har rediyonta. Mahauci ya ce kamfanin ne ɓarayi, a sauya sim. Na sauya. Wata baƙuwa daga unguwar Madina ta sunkuyo ta raɗa mini cewa in bincika, ba kowane mai dariya ne yake son yaron ya shirya da uwarsa ba. Aka kawo rubutu aka yayyafa a bakin ƙofa, na tsaya ina kare soket da zanena kada wuta ta kama. Na matsar da gado, na buɗe taga, na cire labule, na kashe fanka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ranar Talata ko Laraba da hantsi komai lafiya lau. Sai ranar da nake buƙata abin yake tsayawa, kamar ya san kalanda.

Da abin ya ishe ni sai na ɗauki rautana na tafi wurin wani mai gyaran waya a mahaɗar Kawukudi, mutumin Nijar ne, mai Hausa tas kamar a rediyo. Ya jona, ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na nuna masa hoton barandarmu don ya ga irin ƙoƙarin da muka yi. Ya kalli hoton, ya cire tabarau ya goge, ya sake kalla.

"Baiwar Allah, duk waɗannan a wuri ɗaya? Kuma duk a kunne?"

"Gudummawa ce," na ce masa.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya nuna mini titi ta ƙofar shagonsa, inda trotro da tasi da masu babur suka cushe kowa yana danna oda. Ya ce waifai ma hanyoyi gare shi, ana ce musu canel, kuma a gaskiya uku ne kawai ba sa taka juna, ta ɗaya da ta shida da ta sha ɗaya. In rautoci suka taru a hanya guda, kowa sai ya jira ɗan'uwansa ya gama magana, in kuma suna manne da juna ko hanyarsu daban ce sai sun toshe wa juna kunne. Farantin silba kuma ya ce in cire shi yau, ƙarfe mayar da iskar yake. Ya sa mini wata manhaja a waya mai zana tuddai, kowane tudu rauta guda, ya mayar da nawa hanya ta ɗaya, ya goge lambobin sirrin maƙwabta daga wayata don ta daina yawo. Sannan ya ce, "Amma maganin gaskiya, ki mayar wa kowa da kayansa."

Nan na tsaya. Shi baƙo ne, bai san gidanmu ba. In ɗauki rautar Hajiya in kai mata ɗaki in ce na gode, kayanki ne suke hana uwata ganin ɗanta? Matar da ta yi wa Mma wanka ranar da na kasa? Ba a mayar da hannun kyauta baya. A lungunmu an yi shekaru ana gaba a kan kwanon tuwo da aka mayar ba a taɓa ba.

Na dawo na buɗe manhajar a baranda, sai ga tuddai sun hau kan juna kamar kayan wanki, ba na gidanmu kaɗai ba, har na gidajen da ke bayan bango, masu sunaye iri-iri da ban san masu su ba. Nawa yana gefe shi kaɗai. Na zare farantin na ce zan yi amfani da shi. Ranar Alhamis na kira 'yar ƙanwar Mma da ke unguwar Madina don gwaji, muka yi hira har ta nuna mini miyar da take dafawa. Na aika wa ƙanina saƙo na ce an gyara, wannan karon babu fashi.

Lahadi ta uku na buɗe manhajar don in ƙara samun natsuwa, sai na ga tuddai biyu sun taso sun zauna a kan nawa. Ikon Allah! Wa ya matsar da su? Babu wanda ya taɓa komai. Daga baya mai gyara ya ce wasu rautocin da kansu suke sauya hanya in sun ga inda babu cunkoso, wato na share wuri ne suka biyo ni. Ga shi Lahadi kowa yana gida, masu ƙwallo na kallo, masu fim na kallo, 'yan dubiya sun cika falo da baranda kowa da waya a hannu. Na lallaɓa kamar ɓarauniya na zare soket ɗin maƙwabta, na koma ɗaki. Kira ya shigo, hoto tangaran, har ina ganin furfura a gemun ƙanina. Ya ce, "Mma, na san na yi miki laifi..." sai na ji muryar Hajiya a waje tana salati: "Subhanallahi, wa ya ture wannan? Duk sun mutu, ga yaro yana kan layi!" Na ji ƙarar soket ta mayar. Ban kai ga tashi ba hoton ya daskare.

Ranar ban fita titi na kira shi ba, ban san me zan ce ba. Shi ya turo saƙon murya. Ya ce, "Yaya, ki daina wahalar da kanki kina rufa mini. Sau uku ina fara magana ana kashewa. In ba ta yafe ba, hakkinta ne, ni na jawo. Lahadi mai zuwa zan kira sau ɗaya, in an kashe ba zan ƙara damun ta ba." A makon nan kuma Mma ta daina karɓar koko sai cokali biyu uku, tana yawan barci. Tsoro ya kama ni sosai. Ga mutum biyu kowa yana neman ɗan'uwansa, ga gida cike da masu son taimako, ni kuma a tsakiya na rasa wanda zan kama da laifi.

Wurin Baba mai gida na je, dattijon da ya gaji gidan, yana zaune a kan buzunsa a zaure yana jan carbi. Na yi niyyar yin magana a hankali, amma ina buɗe baki sai abin ya ƙwace mini. Na ce Baba, alherin mutanen gidan nan zai kashe ni, garin gyaran gira za mu rasa ido. Na ba shi labarin hanyoyi da tuddai, na nuna masa manhajar, ya riƙe wayar a juye yana gyaɗa kai. Na tabbata bai gane komai ba, ni ma da nake bayanin rabin abin ban gane ba. Da na gama ya ce, "Wato in sun yi shiru, naki zai yi magana?" Na ce haka mai gyara ya ce. Ya ce, "To kada ki mayar wa kowa da komai. Ki bar mini."

Ranar Asabar bayan magariba ya tara gidan a tsakar gida. Bai ce kayan kowa ya yi laifi ba. Ya yi godiya ɗaki-ɗaki, ya ambaci abin da kowa ya kawo, har Maame ya yi mata da Turancinsa na dole. Sannan ya ce saura gudummawa guda, kuma ta fi ta farko nauyi. Gobe bayan la'asar uwa za ta gana da ɗanta, kuma kowa ya san in liman ya hau mumbari ba a magana. Don haka kowa ya zo da hannunsa ya kashe akwatinsa, ya kashe wayarsa, a zauna a yi musu shiru. Hajiya ta ce ai wannan ko ba a faɗa ba ya kamata, ita za ta fara. Direba ya ɗauki nauyin zagayawa gidajen bayan bango ya roƙe su, mahauci ya ce ƙwallon ta ci kanta.

Ban taɓa jin gidanmu haka ba. Bayan la'asar suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna nasa ya mutu, fitila guda ta rage a kan katako. Mata suka shimfiɗa tabarmi nesa da ƙofar, maza suka koma zaure, aka kori yara masu guje-guje zuwa lungu. Har ƙarar man kifin Maame ta tsaya. Na buɗe manhajar, tuddan sun ragu, na nesa ne kawai ƙanana, nawa a tsaye. Ko shirun ne, ko hanyar da aka sauya ce, ko farantin, ko addu'ar mutane, har yau in aka tambaye ni ba ni da amsa guda.

Ya kira. Na riƙe wayar daidai fuskar Mma, na tallafe kanta da kafaɗata. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, tsoron yankewa yake. Ya ce, "Mma, na fita ban yi miki sallama ba. Na yi miki ƙarya. Na bar ki da kuka. Don Allah, don Annabi, ki yafe mini." Ya faɗa har ƙarshe, babu abin da ya tsaya. Yana jira, ni ma ina jira ta gyaɗa kai.

Ba ta gyaɗa ba. Ta daɗe tana kallon sa. Sai ta kai hannun hagu ta kamo na daman da ya shanye, ta jawo shi daga kan zane da ƙyar, tana nishi. Na kai hannu zan taimaka ta ture ni da gwiwar hannu. Ta ɗaga shi har ya kai wayar, ta ɗora tafin a kan gilashin, ta danne da na hagu, ya rufe fuskarsa gaba ɗaya.

Ta cikin yatsunta na ji muryarsa ta karye. "Yaya? Yaya, duhu nake gani. Ya sake yankewa ko? Ta kashe?"

"Bai yanke ba," na ce masa. "Ka sunkuyar da kai, kada ka motsa. Hannunta ne a kanka, na dama."